Wurin Baba a Layin Gayya

Baba, uban mijina, ya rasu a gidansa da ke bayan tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, ana sauran kaɗan ruwan fari ya sauka. Bai yi jinya ba. Ya ci tuwonsa na rana, ya yi wa jikokinsa faɗa don sun bar akuya ta watsa masa barkonon da ya shanya, ya ce ƙirjinsa ya yi masa nauyi, ya kwanta a tabarma ƙarƙashin mangwaro. Da na je tashinsa ya sha kunu, na tarar Ubangiji ya riga ni kiransa. Ni malamar firamare ce, rubutu ne abin da na iya, shi ya sa na zauna in ajiye abin da na sani game da shi tun kafin bakin mutane ya goge shi ya mai da shi wani waliyyi da ban taɓa zama da shi ba.

Jama'a sun zo makoki fiye da yadda gidan zai ɗauka. Matan zumunta na cocinmu suka cika tsakar gida da waƙa. Tsofaffin 'yan doka, abokan aikinsa na zamanin En'e, suka zo suna dogara sanda, ɗaya daga cikinsu ya ƙame a gaban akwatin ya sara masa. Wani mahauci daga kasuwa ya durƙusa gaban Mama, uwar mijina, ya ce, “Mama, mijinki ya sha kama ni, amma bai taɓa ɗaure ni ba.” Wata tsohuwa kuma ta sauko daga kan dutse tana gaya wa duk mai son ji cewa Baba ya taɓa fasa wa mijinta baki a kan haraji, ita ta zo ne ta gani da idonta ko da gaske ya mutu. Ta gani, ta nemi wuri ta zauna, ta kuma taya mu tuƙa tuwon baƙi har yamma.

Washegarin jana'iza da hantsi, ana cikin waƙa, wani dogon mutum ya shigo da garma a kafaɗa. Waƙar ta tsinke a tsakiyar baiti. Ƙanwar mijina ta fizgi yaranta ta tura su ɗaki. Ni kuwa ina riƙe da ƙwaryar ruwa, na kuma san ko wane ne, ko da yake ban taɓa ganinsa kusa haka ba. Gara in faɗi maganar tun nan, kada mai karatu ya yi ta lalube. Shekarun baya, lokacin da mijina yake ɗan sanda, ya harbe wani saurayi ɗan wani ƙauye a gefen Nok. Wannan dogon mutum wan saurayin ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma tsohon soja ne.

Ya ratsa mutane har inda mijina yake zaune a benci. Ya sauke garmar a gabansa a hankali. Garmar Baba ce, wadda take zama a can ƙauyen, a gidan su dogon mutumin. Ya ce, “Sannunku da rashi.” Sannan ya ƙara da cewa, “Ruwan fari ya kusa.” Na daure na matsa na miƙa masa ƙwaryar. Ya dubi ruwan, ya dube ni, ya ce ya gode, ya juya ya fita bai sha ba.

Nan fa kowa ya zama mai fassara. Fasto ya ce mu gode wa Ubangiji, dawo da garma alama ce ta an yafe, magana ta ƙare. Tsohon ɗan dokan da ya sara wa akwati ya girgiza kai, ya ce wannan kira ne, ba sallama ba. Ƙanwar mijina ta ce yayanta ya hau jirgin Jos tun yau, kada ya kwana. Mama kuwa ta ɗauki garmar ta jingina a bayan ƙofa. Ni abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai, wato ruwan da bai sha ba, kuma Baba ne da kansa ya koya mini jin tsoron wannan.

Baba ya yi aikin ɗan doka tun yana saurayi har lokacin da aka haɗe 'yan doka da 'yan sandan gwamnati, aka ce masa ya tsufa kuma ba shi da boko, ya koma gida da kulkinsa. Ba zan wanke shi ba. A ƙuruciyarsa ya yi duka, ya bi mutane har kan duwatsu a kan haraji. Shi da bakinsa yake faɗa, ba ya kuma murmushi in yana faɗa. Amma daga baya ya samo wata hanyar aiki da babu wanda ya koya masa. In an aike shi kamo mutum, ba ya shiga da hargagi. Zai yi sallama da yaren gidan, don yana jin yarukan ƙasar nan da dama, ya nemi wuri ya zauna, ya roƙi ruwa. In an ba shi ya sha, sai ya miƙa wa mai gidan ragowar. In mai gida ya sha, Baba zai miƙe ya ce, “To, mu je,” ya wuce gaba, ya ba mutumin baya har ofis, ba ankwa ba igiya. In kuwa mai gida ya ƙi sha, Baba zai yi sallama ya tafi, ya dawo da mutane.

Na taɓa tambayarsa ko ba ya tsoron a sare shi ta baya. Ya yi dariya har namijin goron da ke bakinsa ya faɗo. Ya ce, “Malama, ai ni matsoraci ne, shi ya sa na kai tsufa. Wanda ya sha ruwa da ni, ranar dai ba zai taɓa ni ba. Gobe ban sani ba. Ni ranar kawai nake nema.” Malama yake ce mini tun ranar da aka kawo ni gidan, wani lokaci don girmamawa, wani lokaci don tsokana, kamar in na ƙona miya sai in ji, “Malama, yau littafin bai faɗi yawan wuta ba ke nan.” Maganar tsoron kuwa ba wasa yake yi ba. A coci bakin ƙofa yake zama, kuma in ana addu'a ba ya rufe ido duka. Fasto ya yi masa magana har ya gaji.

Kulkin nan yana rataye a ƙusa gefen gadonsa, duk Asabar yana shafa masa man ja. Jikokinsa ba su san shi da wani aiki ba sai kaɗo mangwaro. Bindiga kuwa ko ganinta ba ya so. In maharbi ya shigo gaisuwa, sai ya ajiye tasa a waje.

Bayan yaƙin basasa garin nan ya canja. Sojoji suka dawo, bindigogi suka dawo tare da su, kuma ba duka ne suka koma ma'ajiya ba. Aka fara tare motoci a hanya da rana tsaka. 'Yan sanda kuwa sun yi kaɗan, an sallami tsofaffi irin su Baba, sababbi ba su iso ba. Sai aka shiga ɗibar samari, a yi musu horo na gaggawa a sa musu kaki. Mijina yana cikinsu. Lokacin ina goyon 'yarmu ta fari, kuma ni na fi kowa murna, don aikin gwamnati ne. Baba bai yi murna ba, bai kuma hana ba.

Abin da ya tayar masa da hankali shi ne ranar da aka kawo kayan soja. Muna kasuwa muka ga wata ƙatuwar mota koriya, an shafe lambarta da fenti, ta shigo gari shaƙe da akwatuna. Soja sun gama yaƙi, kaya sun yi musu yawa, aka ce a ba 'yan sanda su yi maganin 'yan fashi. Yara suka bi motar da gudu suna tafi. Da yamma mijina ya dawo yana zuba labarin sabuwar bindiga, wadda ba sai ka ɗana kowane harsashi ba, in ka danna kunama sai ta yi ta amai. Baba ya bar shi ya gama, sannan ya ce, “Yaushe aka koya maka ita?” Mijina ya ce an nuna musu da safe. Baba ya ce, “Kulki, itace ne kawai, amma na daɗe ina koyon inda ba a dukan mutum da shi.” Mijina ya ce, “Baba, zamani ya wuce kulki.” Suka yi ta cacar baki har Mama ta shiga tsakani. Baba ya tashi ya bar tuwonsa a kwano.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwa ce. An sami labarin 'yan fashi za su biyo hanya a motar kaya, aka sa shinge, aka ajiye mijina da wani kofur, su biyu rak a wurin da ya kamata a ce ayari ne. Mijina ya yi kwanaki bai runtsa ba, don babu mai canjinsa. Wata motar katako ta taho da lodin citta, wurin gangara ne, birki ya ƙi kamawa. Direba yana ɗaga hannu yana ihu, su kuma suka ɗauka gudu yake. Kofur ya ce a harbi taya. Mijina ya ɗaga bindiga ya danna, ta ƙwace masa ta yi sama. A kan buhunan akwai saurayi zaune, yana rakiyar cittar ubansa zuwa tashar jirgi. Shi ne ya faɗo. Mijina ne ya ɗauke shi zuwa asibiti, amma rai ya fita tun a hanya. Da ya dawo gida ya zauna a bakin gado da takalminsa, ni na kwance masa igiya kamar ɗan aji ɗaya.

Manyansu suka ce tsautsayi ne, suka kuma ce za a sasanta. Ga yadda suka sasanta. Aka loda wa koriyar motar nan kwanon rufi da buhunan shinkafa, aka sa wani abu a ambulan, aka jera 'yan sanda a baya da waɗannan bindigogin dai, aka nufi ƙauyen ana tsakiyar makoki. Da ganin motar mata suka kwashi yara suka faɗa daji. Uban yaron ya fito shi kaɗai. Aka ce masa gwamnati ta yi baƙin ciki, ga wannan, magana ta wuce. Ya ce su sauke a bakin hanya, gidansa babu wuri. Sai wan yaron, tsohon sojan, ya matso ya dubi bindigar da ke hannun ɗaya daga cikinsu, ya ce, “Na riƙe irin wannan a yaƙi. Ba ta tashi da kanta.” Maganar nan ta riga motar isowa Kafanchan.

Mijina kuwa ko dakatar da shi ba su yi ba, don ba su da wanda zai maye gurbinsa. Aka miƙa masa bindigarsa aka ce ya koma shinge, in an sami dama za a yi masa canjin wuri zuwa nesa. A kasuwa ana ta raɗa cewa samarin ƙauyen suna wasa adduna suna gyara kibau, za su zo, ko ofis ko gidanmu. Na daina zuwa famfo ni kaɗai. A aji ina rubutu a allo ina waiwayen taga, har yara suka fara waiwayawa tare da ni ba su san me muke dubawa ba.

Baba ya tara mu a ɗakinsa, ya dubi mijina ya ce, “In suka taɓa ofis, motar nan za ta koma ƙauyen, kuma ba kwano za ta kai musu ba. In suka zo nan, kai ne. In ka gudu, mu ne.” Ya ce ya cire kakin ya ninke. Shi ya raka shi har ofis, yana gaba mijina na binsa a baya, daidai yadda yake kai waɗanda ya kamo. Sufeto ya yi ta roƙo, yana cewa ba shi da mutane. Baba ya cire hula ya ce, “Ranka ya daɗe, wannan ɗin ma ba ka da shi.”

Daga nan ya hau kekensa shi kaɗai ya tafi ƙauyen. Abin da ya faru can Mama ya gaya wa, Mama ta gaya mini. Ya zauna a ƙofar gidan makokin cikin rana, ya roƙi ruwa. Babu wanda ya kula shi. Ya kwana a gidan malamin coci, da safe ya koma ya zauna, haka ya yi ta yi har leɓunansa suka tsage. Uwar yaron ce ta gaji da ganinsa, ta fito ta dangwarar da ƙwarya a gabansa. Ya sha, ya miƙa wa uban yaron ragowar. Tsohon ya riƙe ƙwaryar ya daɗe, sannan ya kurɓa. Baba ya ce, “Ban kawo kaya ba. Ɗana ya cire maka hannu a gona, na zo in ba ka nasa. Duk damina, duk gayyar da ka kira, zai zo ya yi huɗar da ɗanka zai yi, har ranar da ka ce ya isa.” Tsohon ya ce, “In babban ɗana ya sare shi fa?” Baba ya ce, “Sai ya fara da ni.” Aka miƙa wa babban ɗan ƙwaryar, ya tashi ya bar wurin.

A kan wannan ne na yi faɗa da Baba. Suruka ba ta ɗaga wa uban miji murya, ni na ɗaga, har maƙwabta suka leƙo. Na ce, “Baba, gwamnati ta ce za ta kai shi nesa ya tsira, kai kuma ka ɗauke shi ka kai musu har gona, kowa da garma a hannu? Ɗanka ne fa.” Ya ce, “Na sani, Malama, ni na haife shi.” Na ce, “To ni ce zan zama gwauruwa da goyo, ba kai ba.” Ya ce, “Gaskiyarki.” Wannan “gaskiyarki” ta fi ƙona mini rai fiye da a ce ya mare ni. Na daina gaishe shi, abincinsa ma ta hannun Mama nake aikawa. Shi kuwa kullum da safe sai ya tsaya a ƙofata ya ce, “Malama, an tashi lafiya?” ya wuce bai jira amsa ba. Har yau ban yarda na yi kuskure ba. Caca ya yi da ran mijina, kuma shi ma ya san haka.

Wanda bai taɓa ganin gayya ba ba zai gane tsorona ba. Maza ba sa jeruwa kafaɗa da kafaɗa. Na gaba ya kama kunyarsa ya ɗan yi nisa, na biyu ya kama ta gefensa yana binsa, na uku ya bi na biyu, haka har ƙarshen layi, ganga na tashi. Kowa a sunkuye yake, kowa bayansa da ƙeyarsa suna gaban garmar wanda ke biye da shi. Garmar ƙasar nan kuwa faɗinta ya kai faranti, bakinta yana aske gashi. Santsin hannu ɗaya ya isa, kuma babu mai iya rantsuwa cewa ba santsi ba ne. Ranar farko da aka zo jeruwa, wan mamacin ya tsaya daidai bayan mijina. Baba, wanda ya girmi kowa a gonar in ban da mai gonar, ya tuɓe riga ya shiga tsakaninsu ya ce, “Nan ne wurina.” Babu wanda ya yi musu. Mijina ya ce wunin ranar yana jin numfashin Baba a bayansa kamar zugazugin maƙera, amma tsohon bai bari tazara ta buɗe ba.

Haka aka yi ta yi, damina bayan damina. Mijina ya kafa rumfar gyaran keke kusa da tasha. In saƙon gayya ya zo, su kama hanya shi da Baba, ni kuma in tafi makaranta in yi ta koyar da lissafi ban san me nake faɗa ba. Ban taɓa gaya wa Baba halin da nake wuni a ciki ba, ai ba ma magana. Shi ya lura. Sai ya ɗauki wata ɗabi'a, in sun dawo, tun daga kwanar layinmu zai fara kaɗa ƙararrawar keke ba ƙaƙƙautawa, kamar yaron da aka saya wa sabo, har ƙofar gida. Maƙwabta suna dariya suna cewa tsohon ya fara ruɗewa. Ni na san don ni yake yi, don in san su biyu ne tun kafin in gan su. Wata rana da na ji ƙararrawar na fita na karɓi keken daga hannunsa na jingina, na ce, “Sannu da hanya, Baba.” Ya ce, “Yauwa, Malama ta sami bakinta.”

Akwai yammacin da ba zan manta ba. Sun dawo, mijina ya shiga wanka, na kai wa Baba kunu. Ya ɗaga ƙafa ya nuna mini diddigensa, an yanke shi, jini ya bushe da ƙasa. Ya ce, “Yau garmar na bayana ta taɓa ni.” Na ce, “Santsi ne, Baba?” Ya ce, “Ban waiwaya na tambaya ba.” Na wanke masa na sa aidin, ya cije baki kamar kowa. Ya ce kada in gaya wa ɗansa, don in ya sani zai fara waiwaye a layi, kuma mai waiwaye shi ke tsokano abin da yake tsoro. A gayya ta gaba ya ɗaure ƙafar da tsumma ya tafi.

Da shekaru suka tura, abubuwa sun ɗan yi laushi. Uwar mamacin ta fara jefa wa mijina yankan nama a kwanonsa ba tare da ta dube shi ba. Uban ya koma kiran Baba “abokina”, su zauna gindin ɗorawa suna zagin samarin zamani. Amma bai taɓa cewa ya isa ba. Babban ɗan kuwa da gorarsa yake zuwa gona, ya zauna can gefe ya sha nasa shi kaɗai.

To ga shi Baba ya tafi, garma ta dawo, kuma bayan 'yan kwanaki ruwan ya sauka, saƙon gayya ya biyo bayansa. Na durƙusa wa mijina, abin da ban taɓa yi ba, na ce ya dubi yaranmu. Ya ce, “Ba a ce ya isa ba.” Ya ɗaure garmarsa a keke, ya shiga bayan ƙofa ya ɗauko ta Baba ya haɗa. Na ce to ni ma zan je, don na gaji da jiran ƙararrawar da babu mai kaɗa ta. Na bar wa Mama yara, na cika gora da ruwan rijiyarmu, na hau bayansa. A bakin hanyar ƙauyen na ga kwanon rufin nan a inda aka sauke shi, ya yi tsatsa, ciyawa ta rufe rabinsa.

Gonar tana cike da maza. Mai ganga ya fara ɗumama fata, aka shiga jeruwa. Mijina ya kama kunyarsa, ya ajiye garmar Baba a gefe. Babban ɗan ya tsaya inda ya saba tsayawa, sai ga kunya guda tsakaninsu babu kowa a kanta. Kowa ya zuba wa wurin ido. Mai ganga ya sauke hannu. Sai na ga dogon mutumin ya ɗaga garmarsa ya taka zuwa kunyar Baba, daidai bayan mijina. Mijina bai waiwaya ba, ya sunkuya kawai, ina ganin ƙeyarsa tana zufa tun ba a fara aiki ba.

Uban mamacin yana zaune gindin ɗorawa lulluɓe da bargo, ya daɗe da barin huɗa. Na ga ya yar da bargon ya miƙe da ƙyar. Ya tako cikin laka da sandarsa, ya ɗauki garmar Baba, ya yi wa ɗansa wata gajeriyar magana da yarensu. Sannan ya faɗa da Hausa don mu ji, “Abokina ya bar wuri. Ni zan riƙe masa.” Ɗan ya ce, “Baba, ba za ka iya ba.” Tsohon ya ce, “To sai ka yi a hankali a bayana.” Ɗan ya tsaya kamar ba zai motsa ba, can ya ja da baya ya koma kunyarsa. Ban taɓa ganin gayya mai nawa irin ta ranar ba. Layin duka ya bi ƙarfin tsoho ɗaya, mai ganga ma ya rage hannu.

Da aka zauna hutu na kai gorata wurin tsohon. Ya sha, ya ba mijina, ya ce masa, “Ni na aiki ɗana da garmar, in ga ko za ka dawo da ita.” Sannan ya miƙa wa ɗansa gorar. Ɗan ya karɓa, ya riƙe ta ya ɗan jima yana kallon ƙasa, ya mayar mini ya ce yana da nasa.

Mun iso Kafanchan rana tana faɗuwa. A kwanar layinmu na hango Mama tsaye da yara a bakin hanya. Mijina ya manta, ni na miƙa hannu ta gefensa na yi ta kaɗa ƙararrawar har ƙofar gida.

Baba, ka yi duka a ƙuruciyarka, ka kuma ba da bayanka a tsufanka, Ubangiji ya fi ni sanin yadda zai auna su. Ni dai roƙona ya ba ka hutu a wurin da za ka iya rufe ido duka in ana addu'a. Na kuma ƙara mutum ɗaya a addu'ata ta kullum, wato abokinka, ina roƙa masa tsawon rai fiye da yadda nake roƙa wa kaina. Ya tsufa ƙwarai, tun da muka isa gonar yake tari har muka taso, kuma akwai wata gayyar kafin wata ya ƙare.